Ranar da Aka Karanta wa Inna Maganarta a Mota

Shekarun baya, tun kafin in sauya wa shafin nan suna, na taɓa yin wata sata da ba a kai mutum gaban alƙali a kanta. Waɗanda suka daɗe tare da ni a nan sun san ƙarshen zancen, amma ban taɓa zama na ba da shi daga tushe ba. Yau dai na ce bari in tona wa kaina asiri gaba ɗaya, in huta.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, ban yi aure ba, ina zaune a ɗakin da ke jikin zauren gidanmu. Na sayi babbar waya ta hannu, gilashinta da tsaga a gefe, na buɗe shafi. Sunan da na raɗa masa ba zan maimaita ba, ya dai ƙunshi "fasihi" da "alƙalami". Hoton da na saka ma ba nawa ba ne, na wata mikiya ce ta buɗe fukafukai. Ni a ganina duniya ta daɗe tana jiran ra'ayina. Babu abin da ban tofa albarkacin bakina a kai ba: fim, ƙwallo, siyasa, tsadar taki, ganin wata. In na zauna rubutu sai na cika shi da "haƙiƙa" da "bugu da ƙari" da "daga ƙarshe ina mai jan hankalin al'umma". In na ɗora sai in yi ta leƙawa kamar mai jiran tuwo ya sauka. Mutum uku ke danna mini alamar so: abokina da muke koyarwa tare, wani ɗan kawuna da ke danna wa kowa, sai kuma ni kaina.

Mahaifiyata kuwa sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ta yi boko ba, ko lambar waya sai an danna mata. Amma rediyonta ba ya hutawa, yana rataye a jikin ƙusa kusa da murhu, kuma duk abin da aka faɗa a ciki sai ta ba shi amsa, kamar mai labaran yana zaune a kan turminta yana ji. Ni kuma bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina duba littattafan ɗalibai, maganarta na shiga ta wannan kunne tana fita ta wancan. Shekara kusan talatin ina jin ta, ban taɓa ɗaukar ta komai ba sai surutun Inna.

Wata rana ƙanwata ta kunna mata fim a waya, ta jingina wayar da kwano, Inna na murza ƙuli-ƙuli tana kallo. Can sai na ji ta ce, "Wai su mutanen nan ba sa cin tuwo ne? An yi kuka sau huɗu, an yi waƙa sau uku, ban ga wanda ya ɗora tukunya ba. Innata takan ce soyayyar da ba ta sha hayaƙin murhu ba, ba a gama gwada ta ba."

Na yi dariya. Ranar ba ni da abin rubutawa, sai na ɗauki waya na kwashe maganar yadda ta faɗe ta. "Innata takan ce" ɗin nan kawai na cire, wai kada ya ɓata mini tsari. Na ɗora, na ci gaba da ba wa ɗalibai maki.

Kafin magariba waya ta ishe ni da ƙara. Mutanen da ban taɓa sani ba, daga Dutse, daga Kano, daga garuruwan da ko sunansu ban taɓa ji ba, wannan ya yi dariya, wancan ya yaɗa, wata ta ce wallahi kamar a gidanta nake zaune. Wani ya rubuta, "Malam, Allah ya ƙara basira." Na amsa da amin ba tare da ko ƙifta ido ba.

Daga ranar tabarmata ta fara matsowa kusa da murhu. In na ga Inna ta yi shiru sai in ƙara muryar rediyo, ko in ce, "Inna, kin ji kuwa abin da ɗan takarar nan ya ce?" Ita kuma ta ɗauka ɗanta ne ya yi hankali yana taya ta hira, har takan ware mini ƙuli-ƙuli mai zafi a murfin kwano. Ina ci, ina kwashe.

Lokacin da aka yi ta cacar baki a waya kan ko a kama ƙirji a sallah ko a saki hannu, har abokai suna daina gaisawa, na ba ta labari. Ta ce, "Ko ka kama ko ka saki, in ka idar dai ka cire hannun daga kayan mutane." Na ɗora. Da aka zo kan zumunci, ta ce wanda ya gaishe ka ta waya ya sauke nauyin kansa ne, wanda ya tako ya zo shi ya ɗauke maka naka. Na ɗora. Wani lokaci in na ga maganar ta yi gajarta, sai in ƙara mata wata jimla tawa a ƙarshe, don a san dai mai ilimi ne ya rubuta.

Abokina ne kaɗai bai ruɗu ba, don yana cin abinci a gidanmu. Wata rana a makaranta, lokacin hutun tara, muna tsaye a inuwar darbejiya, ya kalli wayarsa ya kalle ni ya ce, "Fasihi, maganar nan taka ta jiya ƙamshin man gyaɗa take yi."

Na ce, "Hassada ce ke damun ka."

Ya ce, "To shi ke nan. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne."

Haka aka yi wajen shekara guda. Sai aka yi wa kawuna, ƙanen Inna, jika a Maruta, can ƙasar Gwaram inda aka haife ta. Ranar suna ta ce in raka ta. Muka je tasha da hantsi, ina ɗauke da jarkar man gyaɗa da bokitin ƙuli-ƙuli na gudummawa, muka samu ƙaramar motar Gwaram saura mutum biyu ta cika. Inna ta zauna a jikin taga, ni a gefenta. Kusa da ni wani mutum ne mai farin gilashi da shadda mai guga, ka gan shi ka ga ma'aikaci, ya ce shi ɗan garin Sara ne. A ɗaya ƙofar wani dattijo ne manomi da carbinsa. Gaba akwai mutum biyu da har muka sauka ƙeyarsu kawai na sani. Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka ba ta kiran sunana, kuma a gaban mutane ba ta nuna ta san ni sosai. Wanda ya gan mu zai ɗauka a tasha muka haɗu.

Lokacin kamfen ne, duk bishiyar da ka wuce an manna mata fuskar mutum. Ba mu yi nisa ba direba ya ɗauko zancen siyasa, ya ce shi kowa ya zo da alkawari ya ji, amma titin ƙauyensu yana nan yadda kakansa ya bar shi. Sai mai gilashi ya gyara zama ya zaro waya.

"Direba, bari in karanta maka abin da wani masani ya rubuta. Ɗan nan Birnin Kudu ne. An ce babban malami ne a jami'a, ɓoye kansa yake yi."

Ya ambaci sunan shafina.

Kada in ɓoye muku, abin da na fara ji daɗi ne. Kaina ya kumbura har ina ganin hulata ta matse ni. Malamin jami'a! Ni da nake fama da 'yan aji uku a kan jadawalin sau bakwai. Sai da ya buɗe baki zai karanta sannan na tuna wadda ke zaune a hannun haguna.

Ya karanta da murya mai kyau, kamar mai labarai: "Mai neman ƙuri'a bazawari ne. Kada ki kalli babbar rigarsa, ki je ki tambayi matar da ya saka. Saboda haka ya zama wajibi al'umma su gudanar da bincike mai zurfi domin tantance nagartar 'yan takara."

Direba ya daki sitiyari yana dariya. Dattijo ya girgiza kai ya ce gaskiya ne. Ni kuwa na ƙura wa bayan kujerar gaba ido kamar an rubuta wani abu a jiki.

Sai na ji muryar Inna a hankali. "Ɗan nan, sake karantawa in ji."

Ya sake. Sai ta ce, "Farkon dai na gane shi. Amma wannan jelar ta ƙarshe ba da ita aka haifi maganar ba. Ɗinka mata aka yi."

Mai gilashi ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. Ba da mugunta ya yi ba, wannan na shaide shi. Ya ce, "Haba Inna, ai ƙarshen nan shi ne ilimin. Wannan rubutun masana ne, ba hirar tsakar gida ba ce. Ku dai ku riƙa yi mana addu'a kawai."

Inna ta ce, "To."

Ta ja mayafinta, ta juya tana kallon gonakin da aka gama yanke dawa.

Direba ya ce a ƙara musu. Mai gilashi ya karanta ta hannu a sallah. Dattijo ya ce, "Allahu akbar! Wannan ko a kan mumbari aka faɗe ta, ta zauna." Ya karanta ta gaisuwar waya. Ya karanta ta hayaƙin murhu, ya ce har matarsa ta haddace ta, in sun yi saɓani da ita take tsokanar sa. Duk wadda ya karanta sai na ji kamar an ƙara itace a ƙarƙashin kujerata. Inna ba ta juyo ba, ba ta zungure ni ba. Da ma ta zungure ni da ya fi mini sauƙi.

Na saci kallon hannuwanta. Tana riƙe da bakin mayafi a kan cinya, bayan hannun duk tabon fantsamar mai, yatsun sun yi kanta saboda murzar tunkuza. Da hannuwan nan aka biya mini karatun da nake taƙama da shi. Ga shi yau, saboda ni, wani ya ɗauki maganarta ya rufe mata baki da ita, ta kuma ce "to" don kada ta kunyata ni. Na san in na yi shiru har Gwaram, ba za ta taɓa tayar da zancen a gaban kowa ba. Wannan shi ya fi ci na.

Na yi gyaran murya. Ta fito kamar ta ɗan tsako.

"Malam, ni ne mai shafin nan."

Mai gilashi ya dube ni daga hula har takalmi, ya dubi bokitin da na rungume. Ya ce, "Kai wa?"

"Ni. Kuma ba a jami'a nake ba, firamare nake koyarwa."

Ya yi dariya ya ce kowa ma zai iya faɗin haka. Na zaro wayata mai tsaga, na buɗe shafin ta ciki, inda mai shi kaɗai ke iya shiga, na miƙa masa. Ya cire gilashi, ya mayar, ya duba. Ya kama hannuna zai fara yabo, na ce ya dakata.

"Maganganun ba nawa ba ne. Duk abin da ka karanta, na wannan ce. Mahaifiyata ce. A tsakar gida take faɗa, ni kuma in kwashe ba ta sani ba. Jelar nan da ta ce an ɗinka, ita ce kaɗai tawa."

Sai direba ya fashe da wata irin dariya har ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kai a kan sitiyari. Da ya ɗago hawaye ne a idonsa. Ya ce, "Wayyo Allah! Ashe jami'ar ce zaune a bayana, da jarkar man gyaɗa a but!"

Dattijo yana dariya yana salati. Mutanen gaba kafaɗunsu sai rawa suke. Mai gilashi kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Ya leƙo ta gabana, ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, don Allah ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

Sai a lokacin ta juyo. Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba, ɗan nan. Kai ai yabo ka yi. Gidan da ka kai shi ne ba nan ba."

Daga nan har Gwaram motar ta zama makaranta. Direba ya ce, "Inna, waƙoƙin nan na cikin fim, a cire ko a bari? Kullum sai an yi musu a tasha." Ta ce, "In an cire, yaushe mutum zai tashi ya duba tukunya?" Aka sake kwashewa. Mai gilashi, da ya ga an yafe masa, ya ce, "To Inna, wa kike ganin zai ci zaɓen nan?"

Ta ce, "Ban sani ba."

"Ko hasashe ne."

"Ɗan nan, abin da ban sani ba, ban san shi ba. Kawo mini gyaɗa in gaya maka wadda za ta yi mai."

Na daɗe ina juya wannan amsar a raina, ni da ban taɓa rubuta "ban sani ba" ko sau ɗaya a shafina ba.

Da muka isa, direba ya ƙi sauke mu a tasha, sai da ya kai mu har inda ake hawa motar Maruta, ya sauko da kansa ya ɗauko mata jarkarta. Mai gilashi kuwa, kafin ya sauka, sai da ya roƙi ƙuli-ƙuli guda biyu, wai zai kai wa matarsa shaida.

A gidan suna Inna ta shige cikin mata, ni ina zaure da su kawu. An ci tuwo, an ci nama, ni dai ban ji ɗanɗanon komai ba. Ina jiran hukunci. Bayan la'asar aka ce tana kira na. Na same ta a bayan gida, ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya, ita kaɗai a kan kujerar tsugunno. Na durƙusa.

Ta ce, "Mutum nawa ke karanta abin nan?"

Na ce da yawa.

"Sun kai mutanen sunan nan?"

"Sun fi, Inna."

"Sun kai na kasuwa ranar da take ci?"

Na ce wata ran suna iya fi.

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Har da maza? Kuma ka bar ni ina ta zuba magana ko ɗankwali babu a kaina?"

Dariya ta ƙwace mini. Ita ma ta so ta yi, ta danne. Sai ta nuna ƙasan tsamiyar ta ce, "A nan Innata take zama tana tankaɗen kalwa. Nan na ji rabin abin da kake ji a bakina. In zan faɗi tata, me nake fara cewa?"

Na ce, "Kina cewa, Innata takan ce."

"Ina ka kai shi?"

"Na cire."

Ta ce, "To ita ka cire. Ni ina raye, in an ɗauki tawa zan yi wata. Ita kuwa abin da ya rage mata a duniya ke nan, a faɗi maganarta a ce tata ce, wani ya ce Allah ya jiƙan ta."

Ban taɓa ganin kakata ba, ta rasu kafin a haife ni. Amma a wurin nan na ji kunyarta kamar tana zaune a gabana. Na ba Inna haƙuri. Ta ce in tashi, gwiwar wandona ta yi ƙasa, mutane za su ce duka na ta yi.

Washegari da muka koma Birnin Kudu na rubuta gaskiya a shafin. Karo na farko da na yi rubutu babu "bugu da ƙari". Na ce ni malamin firamare ne, maganganun da kuke yabo na mahaifiyata ne da na mahaifiyarta, ni kwashewa kawai nake, ku yafe mini. Na ɗora na kashe waya, na tafi makaranta ina jiran zagi.

Da na kunna, zagin bai fi a ƙirga ba. Sauran duk gaisuwa ce. "A gaishe mana da Inna." "Allah ya jiƙan Kaka." Wata ta ce dama ta yi mamakin yadda namiji ya san hayaƙin murhu haka. Wani ya ce, "Malam, mun yafe, amma matsa gefe, da Inna muke magana." Abokina ya bi ni har aji ya ce, "Fasihi ya koma magatakarda. Allah ya sanya alheri."

Na karanta wa Inna duka. Da na zo kan masu yi wa Kaka addu'a, ta sa na maimaita, tana amsa kowacce da amin, ɗaya bayan ɗaya, har man da ke kan wuta ya kusa ƙonewa. Daga nan ta yarda a ci gaba, amma ban da hotonta, ban da muryarta, kuma sai na karanta mata kafin in ɗora, don ta tabbatar babu jela. Kuma daga ranar, in ta ga na ɗauko waya bayan la'asar, sai ta ce in dakata, ta shiga ɗaki ta ɗauro ɗankwali.

Zama magatakardanta ya koya mini abin da kwalejin horon malamai ba ta koya mini ba. In aka tambaye ta hukuncin addini sai ta ce a je wurin malamai. In aka kawo sunan wani don ta yi magana a kansa sai ta ce ba ta cin naman da ba a yanka ba. Wata rana wani ya zo ya zazzaga rashin kunya, wai tsohuwa ta koma ta ja carbi ta bar wa masu ilimi magana. Jinina ya hau, na tsara masa amsa mai sakin layi uku. Ta ce, "Goge. Tambaye shi ko ya ci abinci." Na rubuta haka. Can sai ga amsarsa: wallahi tun safe bai karya ba, a ba Inna haƙuri. Har yau yana cikinku, ya san kansa.

Bayan wasu watanni, wata rana tana tace mai, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Mutanen nan naka, su ma ana iya tambayar su abu?"

Na ce ana iya.

Ashe tana da ƙawa tun ta ƙuruciya a Maruta, tare suka yi tallar daddawa, tare aka yi musu kitson sallah. Da ƙawar ta yi aure mijin ya tafi da ita wajen Kano, iyayenta suka rasu, 'yan'uwan suka watse, labari ya yanke. Fiye da shekara talatin Inna ba ta san ko tana raye ba. Ban taɓa jin ta ambace ta ba sai ranar. Na rubuta sunan matar da na mahaifinta da unguwarsu, na ce saƙon Inna ne.

Kwana huɗu aka yi. Wata mata ta turo saƙo ta ce wannan ai surukarta ce, uwar mijinta. Tun da maigidan tsohuwar ya rasu ta dawo wurin ɗanta da ke noma a Wurno. Wurno! Nan kusa da mu, ƙaramar hukuma ɗaya. Shekara da shekaru suna shan ruwan sama ɗaya, ba wadda ta sani.

Ranar Asabar muka je. Inna, wadda ke da amsar kowace magana a rediyo, ta tsaya a ƙofar gidan sallama ta gagare ta. Sai wata tsohuwa siririya ta fito tana dogara sanda, ta kare ido da hannu, ta kira Inna da wani suna na yarinta da ban taɓa ji ba. Inna ta saki ƙullin tsarabar da ke hannunta. Ni dai na juya baya, na bi ɗan gidan zuwa zaure.

Daga hantsi har la'asar ina jiyo su ta saman katanga. Kuka, sai dariya, sai wata waƙar talla da suka haɗa baki suka yi, muryoyin na rawa. Na jiyo maganganu a ranar da in na ɗora ɗaya daga ciki, wayata za ta yi zafi har gobe. Yatsuna suka yi ta ƙaiƙayi. Na bar wayar a aljihu.

Yanzu Inna ta manyanta, ta bar tuyar mai, ƙanwata ce ta gaji sana'ar. In na tuna wancan lokaci dariya nake yi, amma akwai abin da har yau yake sosa mini rai: ina gida ɗaya da ita shekara talatin, sai da baƙi suka tafa mata sannan na buɗe kunne. Mu masu waya mun iya faɗin ra'ayi a kan komai, kafin labari ya gama sauka mun yanke hukunci. Ita kuwa takan faɗi abin da ta sani, ta ambaci mai shi, ta yi shiru a kan sauran. Ni har yanzu koyo nake, wata ran in ci, wata ran in faɗi.

Da yawa daga cikinku sun sha tambaya ta abin da tsofaffin nan biyu suka tattauna a Wurno. Na ji, kuma ban manta ba. Amma ku yi haƙuri, wannan hirar tasu ce.